Yadda Ake Amfani da Waƙar Zamanin Yaƙi Wajen Tattara Labarin Dattawan Gida

A ranar 18 ga Yuni, 2020, Vera Lynn ta rasu a gidanta da ke ƙauyen Ditchling a kudancin Ingila, tana da shekara 103 a duniya. Ita ce mawaƙiyar da sojojin Birtaniya da iyalansu suka fi ƙauna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da labarin rasuwarta ya bazu sai gidajen rediyo da talabijin suka koma sa tsofaffin waƙoƙinta. Duk wanda ya taɓa zama da tsoho a irin wannan lokaci ya san abin da kan biyo baya. Mutumin da aka yi shekara da shekaru ana roƙonsa ya ba da labarin yaƙi yana cewa babu abin faɗa, da zarar ya ji baiti biyu na waƙar da ya sani tun yana saurayi, sai ya fara ambaton sunan jirgin ruwan da ya kwashe su da sunan abokinsa da bai dawo ba. Waƙa takan tono abin da tambaya ta kasa tonowa, sai dai abin da ta tono yakan zo a hargitse, kuma idan ba a shirya karɓarsa ba yakan wuce tare da wannan zaman. Aikin mai tattarawa shi ne ya shirya, ya saurara, sannan ya adana abin da ya samu ba tare da ya cuɗanya labarin gidansu da labarin da duniya ta riga ta sani ba.

Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda yake da shekara 18 a 1945 an haife shi ne a 1927, saboda haka waɗanda suka riƙe bindiga a wannan yaƙi saura ƙalilan. Yawancin aikin yanzu zai kasance ne da waɗanda suke yara a lokacin, da matan da suka auri 'yan mazan jiya bayan sun dawo, da 'ya'yan da suka tashi suna jin gutsattsarin labari. Su ma sun manyanta, don haka wanda yake da niyya ya fara da wanda ya fi tsufa a dangi, kuma ya fara a wannan wata.

Ka fara sanin mawaƙiyar da zamaninta

Kafin ka sa wa kowa waƙa, ya kamata ka san tarihinta daidai gwargwado, domin da wannan sanin ne za ka gane inda labarin da ake ba ka ya dosa. An haifi Vera Lynn a unguwar East Ham ta birnin Landan ranar 20 ga Maris, 1917. Mahaifinta mai gyaran famfo ne, mahaifiyarta kuma tela ce, kuma tun tana shekara 7 take waƙa a gidajen taron ma'aikata. Wannan asali nata yana cikin dalilan da suka sa ƙananan sojoji suka ɗauke ta tamkar 'yar unguwarsu, ba su kalle ta a matsayin tauraruwar da ta fi ƙarfinsu ba. A 1939 ta naɗi waƙar We'll Meet Again, wadda ta fi kowace shahara a cikin waƙoƙinta, waƙa ce ta masu rabuwa da ke yi wa juna alkawarin sake saduwa. A watan Nuwamba na 1941 ta fara wani shiri a rediyon BBC inda take rera waƙoƙin da sojoji suka nema, tana kuma karanta musu saƙonnin iyalansu. Takan je asibiti ta gana da matan sojoji da suka haihu, sannan ta sanar da mazajen ta rediyo cewa an sauka lafiya.

Ba kowa ne ya yi na'am da shirin ba. Bayan Japan ta kama Singafo a Fabrairu 1942, wasu masu faɗa a ji suka yi ta ƙorafin cewa waƙoƙin bege suna karya zuciyar mayaƙa, har aka dakatar da shirin na fiye da shekara guda. A ganina waɗannan mutane ba su fahimci soja ba ko kaɗan, domin wanda ya bar mata da jariri a gida ba ya buƙatar a tuna masa cewa yana kewa, abin da yake buƙata shi ne ya ji cewa a gida ma ana kewarsa. A 1944, tana da shekara 27, ta bi ta Masar da Indiya har ta kai bakin dagar Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar, tare da makaɗin fiyano guda da ƙaramin fiyanon da ake ɗorawa a mota. Ta yi waƙa a sansanoni da asibitocin Runduna ta 14 ta Janar William Slim, wadda sojojinta suke kiran kansu rundunar da aka manta, a daidai watannin da ake gwabzawa da sojojin Japan a Imphal da Kohima, a arewa maso gabashin Indiya. A 1985 aka ba ta lambar yabo ta Tauraron Burma saboda wannan tafiya. Ta yi tsawon rai har faifan tsofaffin waƙoƙinta ya hau kan gaba a kasuwar Birtaniya a 2009, lokacin tana da shekara 92, kuma a Afrilu 2020 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi ishara da waccan waƙa ta sake saduwa a jawabinta na lokacin annobar korona.

Ka gano waƙar da gidanku ya sani

A nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa. Shaharar mawaƙiya ba ta nufin kowane soja ya ji ta ko ya damu da ita. Runduna ta 14 ta ƙunshi Turawan Birtaniya da Indiyawa da Gurkawan Nepal da 'yan Afirka ta Gabas da ta Yamma. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ta 82 kuma a yankin Arakan, duka a ƙasar Burma, sannan wasu bataliyoyin Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin sojojin Japan, a 1944. Sojan da ya fito daga waɗannan rundunoni yana da waƙoƙinsa na maci da na aiki da na dare a sansani, kuma mai yiwuwa muryar da ya dawo da ita a kansa ta wani abokin aikinsa ce da ba a taɓa naɗar muryarsa a faifai ba. Haka nan iyalan da suke ɓangaren Jamus ko Italiya ko Japan suna da nasu mawaƙan.

Saboda haka kada ka shiga da waƙa a hannu kana jiran ta yi aiki. Ka fara tambayar 'ya'yan tsohon ko matarsa abin da yake yawan rerawa ƙasa-ƙasa idan yana aiki ko yana aski, da waƙar da yake sa a ƙara murya idan ta zo a rediyo, da wadda yake tashi ya bar wurin idan an sa ta. Wannan ta ƙarshe ma labari ce, kuma ba da ita za a fara ba. Idan waƙar tana cikin waɗanda aka buga a faifai, ka nemo naɗin asali na shekarun yaƙi, domin mawaƙa sukan sake naɗar waƙoƙinsu bayan shekaru da sabon kiɗa, alhali kunnen tsoho ya saba ne da sautin garmaho da na akwatin rediyo, har da ƙarar faifan. Idan kuwa ba a taɓa naɗarta ba, to ka roƙi wanda ya iya ko da layi biyu ne ya rera, ka ɗauki muryarsa, domin wataƙila wannan ne abu mafi daraja da za ka samu a dukkan aikin.

Wa za a tambaya

Ka rubuta sunayen duk waɗanda za su iya sanin wani abu, ka raba su gida biyu, ganau da jiyau. Dukansu ana buƙatarsu, amma ba a auna maganarsu da ma'auni ɗaya. Kada a tsaya kan maza kawai. Mace da ta yi shekara uku ba ta ji ɗuriyar mijinta ba tana da labarin yaƙi cikakke, haka ma wanda yake yaro lokacin da aka kwashe mutane kusan miliyan ɗaya da rabi daga biranen Birtaniya zuwa karkara a kwanakin farko na Satumba 1939, yawancinsu yara, kowane da takardar suna a maƙale a rigarsa. Wanda ya kwana a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan lokacin ruwan bama-baman da ya fara ranar 7 ga Satumba, 1940, ko wadda ta yi layi da katin rabon abinci, rabon da ya fara a Janairu 1940 bai ƙare ba sai 1954, duk shaidu ne. Ka gana da kowa shi kaɗai a karon farko. Idan aka haɗa wa da ƙani a zama ɗaya, ƙaramin yakan yi shiru ko ya bi abin da babban ya faɗa, sai a rasa labari guda.

Shirin zama

Wayar hannu ta wadatar. Ka cika mata caji, ka tabbatar akwai wuri a cikinta, ka katse layinta don kada kira ya shigo ya yanke naɗin. Ka zaɓi ɗaki mai labule da shimfiɗa, domin ɗakin da babu kaya yana amsa kuwwa, kuma ka kashe fanka da talabijin. Ka ajiye wayar a kan wani tsumma mai taushi bisa tebur, tazarar kamu ɗaya daga bakin mai magana, kada ka riƙe ta a hannu saboda motsin yatsu yana shiga cikin naɗi. Ka gwada na minti ɗaya ka saurara kafin a fara. Waƙar kuma ka tanade ta a wata na'ura dabam, domin waya ɗaya ba za ta yi aikin biyu yadda ya kamata ba. Ni na fi son ɗaukar murya kawai a zaman farko, saboda kyamara takan sa tsoho ya gyara zama ya koma yin jawabi, amma wannan ra'ayina ne, kuma akwai amfani a ɗauki bidiyo daga baya lokacin da yake nuna hotuna.

Ka nemi izini a fili, kuma izinin ya shiga cikin naɗin. Za ka iya cewa, "Baba, ina so in ɗauki muryarku saboda jikoki su ji daga bakinku. Duk inda kuka ce a tsaya, za a tsaya, kuma babu wanda zai ji a waje sai da yardarku." Daga nan ka faɗi kwanan wata da wurin da kuke da cikakken sunansa da naka. Wannan yana kama da ƙaramin abu, amma bayan shekara 30 shi ne zai bambanta shaidar tarihi da muryar wani tsoho da ba a san ko wane ne ba. Zama kada ya wuce awa ɗaya, kuma safiya ta fi yamma ga yawancin tsofaffi.

Yadda zaman zai gudana

Kada a sa waƙar tun farko. Ka fara da abin da ba shi da nauyi, wato inda yake zaune kafin yaƙi, sana'ar mahaifinsa, da yadda ya fara jin cewa an fara yaƙi. Idan hira ta yi minti 10 ko 15 kuma ka ga ya saki jiki, sai ka ce, "Akwai wata waƙa da aka ce kuna so, in sa mu ji?" Ka sa ta da murya madaidaiciya, ka bar ta ta kai ƙarshe, kuma kada ka yi magana a kanta. Ka lura da hannunsa da leɓɓansa. Wani zai fara buga yatsa a hannun kujera, wani zai riga mawaƙiyar faɗin baitin da ke tafe, wani kuma zai kawar da kai ya kalli taga. Idan waƙar ta ƙare, ka yi shiru. Wannan shirun ne ya fi komai wuya ga mai tambaya, domin zai ji kamar wajibi ne ya ce wani abu, alhali sau da yawa maganar da ta fi muhimmanci tana fitowa ne bayan daƙiƙa 20 ko 30 da babu wanda ya ce uffan.

Idan ya zama dole ka yi tambaya, ka tambayi wuri da mutane da abubuwa. "Inna, a ina rediyon yake a gidan?" "Su wa kuke zama da su idan an kunna?" "Wa ya fi iya rera ta a cikinku?" Irin waɗannan tambayoyi suna mayar da mutum cikin ɗaki guda a rana guda, kuma daga nan sauran labarin yake biyowa da kansa. Tambaya irin "yaya kuka ji a lokacin yaƙi" ta yi faɗi da yawa, amsarta ba ta wuce "an sha wahala". Ka guji tambayar da ta riga ta ƙunshi amsa, kamar "ai wannan waƙa ta ƙarfafa muku gwiwa, ko?", domin tsoho mai kunya zai ce haka ne don ya faranta maka, sai ka koma gida da maganarka a cikin muryarsa. Idan ya ce waƙar ba ta taɓa burge shi ba, ko ya ce ta hafsoshi ce su ba su da rediyo, ka karɓa da hannu biyu, domin ka samu gaskiyar da ba a cika rubutawa ba.

Tambaya ɗaya ba a yin ta, ita ce ko ya kashe wani. Idan yana so ya faɗa zai faɗa. Haka nan idan hawaye suka zo, kada ka yi saurin kashe waya kamar an yi abin kunya, kuma kada ka ci gaba kamar ba ka gani ba. Ka dakata, ka miƙa masa ruwa, ka ce, "Mu tsaya nan ko mu ci gaba?" Zaɓin nasa ne. Amma idan ka ga numfashinsa ya canja, jikinsa yana rawa, ko ya fara magana kamar abin yana faruwa yanzu, to a rufe zaman, a koma hirar yau da kullum, kuma wani ya kasance tare da shi a wannan dare. Akwai waɗanda suka yi shiru shekara 70 saboda shirun ne ya ba su damar rayuwa, kuma sha'awar jika ta sanin tarihi ba ta kai lafiyar kakansa ba.

Kada ka gyara masa kuskure a lokacin da yake magana, ko da ka tabbata ya rikita shekara ko gari. Ka rubuta a takardarka ka bar shi ya ci gaba. Sunayen mutane da na wurare ma ka rubuta su yadda ka ji, sai a ƙarshen zama ka sake tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Takardu da lambobin yabo

A zama na biyu ka roƙi a fito da akwati. Abin da ka fi nema shi ne lambar soja da sunan bataliya, waɗanda galibi suke cikin littafin albashi ko takardar sallama, domin da su ne ake bin sawun mutum a ma'adanar takardu. Lambobin yabo da Birtaniya ta ba sojojinta na wannan yaƙi yawanci babu suna a jikinsu, saɓanin na Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka ba za su gaya maka mai su ba, amma za su gaya maka inda ya je. Tauraron Burma ana gane shi da ƙyallensa mai shuɗi mai duhu, da jan layi mai faɗi a tsakiya, da siraran layuka biyu ruwan lemo. Tauraron Afirka kuma yana nuna an yi aiki a arewaci ko gabashin nahiyar. A hoto ka duba kafaɗar riga da kyau. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya alamar Runduna ta 81 ce, mashi biyu a gicciye a kan gammo kuma alamar ta 82.

Wasiƙun da aka aiko daga bakin daga sun bi ta hannun masu tacewa, shi ya sa za ka ga an yanke ko an shafe sunan wuri, kuma shi ya sa suke cike da gaisuwa da tambayar lafiyar yara. Kada ka ɗauka mai wasiƙar ba shi da abin faɗa. Wajen adanawa, kada a liƙe takarda da leda mai zafi, kada a yi mata faci da salatif, kada a rubuta a bayan hoto da biro, fensir mai taushi ya isa. Lambobin ma a goge su da busasshen ƙyalle kawai. Ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a hasken rana da ba ya dukanta kai tsaye.

Gwada labari da tarihi

Yanzu sanin da ka yi a farko zai yi amfani. Idan wani ya ce yana jin shirin Vera Lynn na saƙonnin sojoji a 1940, ka san shirin bai fara ba sai ƙarshen 1941, don haka ko dai ya rikita shekara ko kuma wani shiri ne dabam. Idan aka ce kakanku yana Runduna ta 82 kuma ya gan ta tana waƙa a bakin daga, ka tuna cewa ta yi tafiyarta ne a rabin farko na 1944, ita kuwa wannan runduna ba ta shiga faɗa a Arakan ba sai ƙarshen shekarar. Wannan ba ya nufin wani ya yi ƙarya. Abin da mutum ya gani da abin da ya ji a rediyo daga baya da abin da ya kalla a fim sukan haɗu wuri ɗaya bayan shekaru masu yawa, kuma shahararren labari yakan danne ƙaramin labari har mai shi ya ɗauka nasa ne.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, tana da sunayen mutane kusan miliyan 1.7 a shafinta na intanet, kuma bincike kyauta ne. Sai dai waɗanda suka mutu kawai take rubutawa, wanda ya dawo da rai ba ya ciki. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon akwai ginshiƙan tunawa masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a Burma ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Ka gwada rubuta sunan ta hanyoyi daban-daban, domin akawun da ya ɗauki soja yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, wani lokaci kuma ya sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Rashin ganin suna ba hujja ba ne, tun da a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu yadda aka rubuta na Turawa ba. A ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a birnin Landan akwai littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru a kowace rana. Da wuya su ambaci ƙaramin soja da suna, amma za su nuna maka inda bataliyar take a ranar da ake magana. Gidan tarihi na Imperial War Museum yana da hirarrakin 'yan mazan jiya da aka naɗa, BBC kuma ta tattara labarai kusan 47,000 daga jama'a tsakanin 2003 da 2006, waɗanda za su taimaka maka ka ji yadda wasu suka ba da labarin wuri ɗaya.

Rubutawa da adanawa

Ka rubuta hirar cikin mako guda, tun kana iya tuna abin da aka nuna da hannu. Ka rubuta ta da harshen da aka yi ta, kalma da kalma, har da maimaici da karin maganar mai magana, ka kuma nuna inda ya yi shiru ko ya yi dariya ko ya rera. Fassara, idan ana buƙata, ta zo a takarda dabam. Abin da ka gano a bincike shi ma ya zauna a gefe da sunanka, misali ka rubuta cewa mai magana ya ce 1940, amma takardar sallama ta nuna ya shiga soja a 1942. Kada ka shiga cikin maganarsa ka gyara, domin na bayanka yana iya samun takardar da za ta nuna shi ne mai gaskiya. Duk inda labari na jiyau ne, ka rubuta daga wa aka ji shi.

Kowane naɗi ka ba shi suna mai ɗauke da shekara da wata da rana da sunan mai magana. Ka ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a gidan wani ɗan'uwa, ɗaya a ma'ajiyar intanet. WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi a matsayin hoto, don haka ka tura shi a matsayin fayil. Idan akwai tsohon kaset mai muryar wanda ya riga ya rasu, a juye shi zuwa kwamfuta da wuri, kuma a gwada rikodar da wani kaset marar amfani tukuna don kada ta cinye zaren. Rubutun hirar kuma a buga shi a takarda, domin takarda ba ta buƙatar caji ko kalmar sirri.

Idan dangi suna so su yi zaman tunawa, 8 ga Mayu ita ce ranar da yaƙi ya ƙare a Turai a 1945, amma ga gidan da tsohonsu ya je Burma 15 ga Agusta ta fi dacewa, domin a ranar ce Japan ta sanar da miƙa wuya. A sa waƙar sau ɗaya, sannan a sa minti biyar zuwa goma na muryar mai labarin, a ba yara hotuna su riƙe su yi tambaya. Kafin a ɗora wani abu a Facebook ko YouTube, a koma wurin mai labarin, ko magadansa idan ya rasu, a karanta musu daidai abin da za a fitar, a cire sunan duk wanda aka ambata da abin da zai ɓata wa iyalinsa rai. Waƙar kanta tana da masu haƙƙin mallaka, kuma waɗannan shafuka sukan toshe sautin bidiyon da aka ɗora ta a kai, saboda haka ya fi kyau a yanke wurin da faifan yake kaɗawa, a bar wurin da tsohon yake magana, a kuma rubuta sunan waƙar da shekarar da aka naɗe ta a ƙarƙashin bidiyon.